Cacar wasanni a jami'o'in Amurka: an bar jaki ana dukan taiki

A cikin watan Mayu na shekarar 2023, manyan jami'o'i biyu na jihar Ayowa, a tsakiyar ƙasar Amurka, suka ba da sanarwar cewa ana binciken ɗalibansu ƴan wasa bisa zargin caca. Jami'ar Ayowa ta ambaci mutum 26, takwararta Jami'ar Ayowa Sitet ta ambaci kimanin 15, kama daga ƴan ƙwallo har zuwa ƴan kokowa da ƴan tsere. Kafin shekarar ta ƙare, an gurfanar da wasu gaban alƙali, an dakatar da wasu na tsawon wasanni da dama, wasu kuwa ba su sake sa rigar jami'arsu ba. Jaridu suka buga hotunansu, gidajen talabijin suka yi ta maimaita sunayensu, sa'an nan, kamar yadda aka saba, aka yi hutun talla, aka nuna wa masu kallo yadda za su buɗe asusun caca a wayar salula cikin minti biyu. Wannan al'amari ya cancanci a tsaya a yi masa duban basira, domin ya ƙunshi tambayar da babu ƙasar da ta kuɓuta daga gare ta: idan manya suka buɗe ƙofar ɓarna don neman kuɗi, wa ya kamata ya ɗauki alhakin abin da ya biyo baya?

Kafin a yanke hukunci, wajibi ne a fahimci yadda tsarin yake. A Amurka, wasannin jami'a kasuwa ce babba. Hukumar da ke kula da su, wadda aka sani da NCAA, an kafa ta a 1906, cibiyarta tana birnin Indiyanapolis, kuma ta ƙunshi makarantu kimanin 1,100 da ƴan wasa wajen rabin miliyan. A 2016 gidajen talabijin na CBS da Turner suka amince su biya ta dalar Amurka miliyar 8.8 domin nuna gasar ƙwallon kwando ta maza, wadda ake yi kowane watan Maris, daga 2025 zuwa 2032. Shi kuwa ɗalibi ɗan wasa, shekara da shekaru abin da yake samu bai wuce tallafin karatu da wurin kwana da abinci ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A babban rukunin gasar, ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce a ba ɗalibi shekara biyar ya buga kaka huɗu a cikinsu, kuma waɗanda ke samun zama ƙwararru bayan haka ba su kai biyu cikin ɗari ba. Saboda haka cancantar shiga wasa ita ce dukan jarin yaron. Wanda aka ƙwace wa kaka guda an ƙwace masa rubu'in jarinsa, wanda aka kora har abada kuwa an rufe masa shago, sau da yawa har da hanyar kammala karatunsa.

Dokar hukumar a kan caca tana da tsanani. Ta hana ɗan wasa, da mai horar da shi, da ma'aikacin sashen wasanni, saka kuɗi a kan duk wani nau'in wasa da hukumar ke shirya gasarsa, ko na jami'a ne ko na ƙwararru. Kuma gaskiya ɗaya ce, wannan doka tana da dalili mai ƙarfi wanda tarihi ya tabbatar. A 1950 ƙungiyar ƙwallon kwando ta kwalejin birnin Niyu Yok ta lashe manyan kofuna biyu na ƙasa a kaka guda, abin da ba a taɓa yi ba. Shekara ɗaya bayan haka, a 1951, binciken mai shigar da ƙara Frank Hogan ya tona cewa ƴan wasa 32 na makarantu bakwai, har da taurarin wannan ƙungiya, sun karɓi kuɗin ƴan caca. An sake ganin irin haka a kwalejin Boston a kakar 1978 zuwa 1979, inda aka yanke wa wani ɗan wasa ɗaurin shekara goma. A 1985 Jami'ar Tulane ta rufe ƙungiyarta ta ƙwallon kwando ɗungurungum saboda abin kunya iri ɗaya, kuma a 1994 cutar ta ɓulla a Jami'ar Arizona Sitet.

Dabarar da ake amfani da ita ta isa ta nuna girman haɗarin. Ɗan caca ba ya buƙatar ƙungiya ta faɗi. Kamfanin caca yakan ƙiyasta cewa ƙungiya kaza za ta yi nasara da tazarar maki goma, sai mutane su saka kuɗi a kan ko tazarar za ta kai haka ko ba za ta kai ba. Abin da ake nema ga ɗan wasan da aka saya shi ne ya ɓarar da jifa biyu ko uku, ƙungiyarsa ta ci da maki shida. Magoya baya su koma gida suna murna, mai horarwa bai ga komai ba, ƴan caca su kwashe kuɗi. Yau abin ya ƙara sauƙi, domin akwai cacar da ake yi a kan ɗan wasa shi kaɗai: maki nawa zai ci, ƙwallo nawa zai cafe. A watan Satumba na 2025 hukumar ta kori ƴan ƙwallon kwando uku na jami'o'in Fresno Sitet da San Jose Sitet har abada, bayan ta gano an yi caca a kan wasanninsu, kuma an rage ƙwazo da gangan domin cacar ta ci. A kan irin waɗannan babu jayayya. Wanda ya sayar da wasa ya ci amanar abokansa da ta jama'ar da ta biya kuɗin shiga, kuma kora ita ce daidai da shi. Kasuwar da aka daina yarda da ma'auninta ta mutu ko da rumfunanta na tsaye.

To amma abin tambaya shi ne, wa ya kai caca har cikin ɗakin kwanan ɗalibai? A 1992 majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar da ta hana jihohi halatta cacar wasanni, in ban da ƴan kaɗan irin su Nebada da suka riga suka yi. Jagoran dokar, Sanata Bill Bradley, tsohon ɗan ƙwallon kwando ne da ya san filin ciki da waje. Jihar Niyu Jazi, wadda ke hangen kuɗin haraji, ta ƙalubalanci dokar, kuma ranar 14 ga Mayu 2018 Kotun Ƙoli ta soke ta, bisa hujjar cewa tsarin mulki bai ba gwamnatin tarayya ikon tilasta wa majalisun jihohi abin da za su haramta ba. Daga nan jihohi suka shiga rige-rige. Ayowa ta halatta cacar a 2019, ga wanda ya kai shekara 21. Zuwa 2024 jihohi 38 sun bi sahu, kuma a shekarar 2023 kaɗai Amurkawa sun saka kusan dalar Amurka miliyar 120 a cacar wasanni ta halal a idon doka. Wani bincike da ita kanta NCAA ta sa aka gudanar a 2023 ya nuna cewa 58 cikin ɗari na matasa ƴan shekara 18 zuwa 22 sun taɓa yin wani nau'in cacar wasanni, a cikin ɗaliban da ke kwana a makaranta kuwa adadin ya kai 67 cikin ɗari.

Su kuma jami'o'in, waɗanda aka danƙa wa amanar tarbiyya, ba su tsaya kallo ba. A 2020 sashen wasanni na Jami'ar Kolorado ya ƙulla yarjejeniyar talla ta dalar Amurka miliyan 1.6 da kamfanin PointsBet, har da sharaɗin karɓar dalar Amurka 30 a kan kowane sabon ɗan caca da aka jawo da lambar jami'ar. Jami'ar Mishigan Sitet ta yi tata da kamfanin Caesars, ta dalar Amurka miliyan 8.4 a shekara biyar. A Jami'ar Jihar Luwiziyana, saƙon tallan caca ya shiga akwatin wasiƙun intanet na ɗalibai, har da waɗanda ba su kai shekara 21 ba. Sai da jaridu suka fasa ƙwai, ƴan majalisa suka ɗaga murya, sa'an nan a 2023 ƙungiyar kamfanonin caca ta hana mambobinta irin wannan hulɗa, yarjejeniyoyin suka watse. Ita ma NCAA, wadda ta yi shari'a har Kotun Ƙoli don hana cacar, a 2025 ta amince kamfanin Genius Sports ya sayar wa kamfanonin caca bayanan gasarta. Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

A cikin wannan yanayi ne ya kamata a auna laifin samarin Ayowa. Babu ko ɗaya a cikinsu da aka tuhuma da sayar da wasa. Mafi yawan waɗanda aka kai kotu laifinsu shi ne sun yi caca kafin su kai shekara 21, ta hanyar amfani da asusun iyaye ko na ƴan'uwa. Jagoran ƙungiyar ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka na Ayowa Sitet an zarge shi da caca sau 366, jimillar dalar Amurka 2,799, wato a matsakaici kowace caca ba ta kai jaka biyar na kuɗin sefa ba. A cikinsu akwai wadda ya yi a kan wasan ƙungiyarsa a 2021, wasan da bai shiga fili ba. Kotu ta ci shi tarar dalar Amurka 645, amma bai sake buga wa jami'ar wasa ba. Wani mai tsaron baya na Jami'ar Ayowa, wanda shekarunsa sun kai, kuma ba a tuhume shi da karya dokar jiha ba, ya saka kuɗi a kan ƙungiyar ƙwallon kwando ta mata ta jami'arsu. Aka hana shi kakarsa ta ƙarshe baki ɗaya, ya ɗaukaka ƙara aka yi watsi da ita, duk da roƙon mai horar da shi, Kirk Ferentz. A nan wasansa na jami'a ya ƙare.

Ita kanta hukumar ta san ma'auninta ya karkace, shi ya sa ta gyara shi sau biyu a shekara guda. A watan Yuni na 2023 ta kasa hukunci bisa yawan kuɗi: wanda cacarsa ba ta wuce dalar Amurka 200 ba a yi masa horon faɗakarwa, daga 201 zuwa 500 ya rasa kashi 10 cikin ɗari na kaka, daga 501 zuwa 800 ya rasa kashi 20, abin da ya haura haka ya rasa kashi 30. Wanda ya yi caca a kan irin wasansa a wata makaranta ya rasa rabin kaka. A watan Nuwamba kuma ta sassauta hukuncin mai caca a kan wata ƙungiyar makarantarsa, daga kora ta har abada zuwa kaka guda. Dokar da ake yi wa kwaskwarima ana tsakiyar shari'a da ita, shaida ce a kan cewa ba a shirya ta don zamanin da ake ciki ba.

A gwada wannan da abin da ya faru a Alabama a makonnin nan dai. A ƙarshen watan Afrilu na 2023, mai horar da ƙungiyar besbol ta jami'ar, Brad Bohannon, ya tsegunta wa wani ɗan caca cewa babban mai jifan ƙungiyarsa ba zai buga wasa ba, mutumin ya garzaya wani gidan caca a birnin Sinsinati yana neman saka dalar Amurka 100,000 a kan abokan hamayya. Wannan shi ne ainihin cin amanar da dokar ke tsoro, kuma daga babba ya fito. An kori Bohannon, kuma a 2024 hukumar ta ɗora masa takunkumin shekara 15, wanda ya dace da shi. Amma jami'ar da ta ɗauke shi aiki, mai kasafin wasanni na ɗaruruwan miliyoyi, tarar dalar Amurka 5,000 aka ci ta, da sa ido na shekara uku. Yaro ya rasa makomarsa, makaranta ta biya abin da bai kai kuɗin cefanen rana guda ba.

Akwai kuma wani ɓangare da ya fi kowanne nauyi ga duk mai kishin ƙasa mai bin doka, wato yadda aka samo shaidar. Lauyoyin ɗaliban sun gabatar wa kotu takardun da ke nuna cewa wani jami'in binciken manyan laifuka na jihar Ayowa ya yi amfani da wata manhaja mai gano inda wayar mai caca take, ya shata da'ira a kan gine-ginen ƴan wasa, ya tattara bayanan waɗanda ke ciki, ba tare da izinin alƙali ba. Hukumar binciken ta dage cewa ba ta keta doka ba. Duk da haka, a watan Maris na 2024 masu shigar da ƙara suka janye tuhumar da ake wa mutum huɗu na Ayowa Sitet waɗanda suka ƙi amsa laifi, kuma a watan Afrilu ƴan wasa 26 suka maka jihar a kotun tarayya. Amma kakar da aka hana su ta riga ta wuce, babu alƙalin da zai mayar da ita. Dalili kuwa shi ne, tun a 1988, a shari'ar mai horarwa Jerry Tarkanian, Kotun Ƙoli ta yanke cewa NCAA ƙungiya ce mai zaman kanta, saboda haka sharuɗɗan shari'ar adalci da tsarin mulki ya ɗora wa gwamnati ba su hau kanta ba. Sakamakon haka, shaidar da ta gagara tsayuwa a gaban alƙali ta isa ta kori ɗalibi daga fili. Ƙungiyar da ke riƙe da makomar matasa rabin miliyan, ita ce mai kafa doka, ita ce mai yanke hukunci, ita ce kuma mai sauraren ɗaukaka ƙara. Ko a jamhuriya mafi rauni, an san sunan irin wannan tsari.

Masu kare hukumar suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa kowane ɗan wasa ana karanta masa dokar a farkon shekara, ya sa hannu, don haka babu wanda zai ce bai sani ba. Suna cewa ƙaramar caca ita ke haifar da bashi, bashi kuma shi ne ƙofar da masu sayen wasa ke shigowa ta cikinta. Suna ƙarawa da cewa zamanin bautar banza ya wuce, tunda daga 1 ga Yuli 2021 an ba ɗalibi damar cin moriyar sunansa da hotonsa, kuma a watan Yuni na 2025 alƙaliya Claudia Wilken ta amince da sulhun da ya ba kowace babbar jami'a damar raba wa ƴan wasanta kimanin dalar Amurka miliyan 20.5 a shekarar farko. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai kuɗin yana taruwa ne a hannun taurarin manyan makarantu, ɗan kokowa da ɗan tsere da ɗan wasan ƙaramar kwaleji ba su ga komai ba sai ɗan abin da ba a rasa ba, kuma su ne mafi sauƙin saye. Batun bashi kuwa hujja ce ta neman a yi wa yaro magani da wuri. Dokar da ke sa wanda ya faɗa tarkon caca ya ɓoye matsalarsa don tsoron kora, ita ke miƙa shi ga masu sayen wasa da hannunta.

Ruɗanin magabatan ya fito fili a ƙarshen 2025. A watan Oktoba hukumar ta amince a bar ɗalibai su yi caca a kan wasannin ƙwararru. Kafin ranar fara aiki ta zo, kame-kamen da jami'an tarayya suka yi a gasar NBA ya tayar da ƙura, kuma a watan Nuwamba kashi biyu cikin uku na makarantun babban rukuni suka kaɗa ƙuri'ar soke matakin. Idan dattawan da ke zaune a ofis sun kasa tsayawa a kan magana ɗaya na tsawon wata biyu, da wace fuska za su nemi cikakkiyar natsuwa daga saurayi ɗan shekara 19 da talla ke bi har gadon barcinsa?

Hanyar gyara ba ɓoyayya ba ce. Na farko, a raba laifi da laifi: wanda ya sayar da wasa, ko ya yi caca a kan ƙungiyarsa, ko ya fitar da sirrinta, a kore shi, wanda ya saka ƴan kuɗi a kan wasan da ba shi da iko a kansa, a faɗakar da shi, a yi masa magani in ya kamu, a bar masa karatunsa. Na biyu, a hana cacar da ake yi a kan ɗalibi shi kaɗai. Shugaban hukumar, Charlie Baker, tsohon gwamnan Masacusets, ya yi wannan kira a 2024, kuma jihohin Ohayo, Merilan, Bamont da Luwiziyana sun amsa. Sauran ba su da uzuri, domin wannan nau'in caca shi ne mafi sauƙin maguɗi, kuma shi ke jawo wa yara zagi da barazana daga waɗanda suka yi asara. Na uku, shari'ar cancanta ta koma hannun alƙalai masu zaman kansu, da lauya ga ɗalibi, da hukunci cikin gaggawa kafin kaka ta wuce, kuma kada a karɓi shaidar da aka samo ta hanyar da doka ba ta yarda da ita ba. Na huɗu, duk makaranta ko hukumar da ke hukunta ɗalibi a kan caca ta tsame hannunta daga kuɗin caca. Ba a wa'azin ƙoshi da bakin da ke cike da tuwo.

Wayar salula ba ta san iyakar ƙasa ba, kuma cacar ƙwallon Turai ta riga ta isa aljihun samari a Maraɗi da Damagaram kamar yadda ta isa Ayowa. Ƙasar da ke cike da kotuna da lauyoyi ta buɗe wannan ƙofa a 2018, ta ƙirga harajin da ya shigo, sai daga baya ta tuna da yaran da ke bakin ƙofar. Magabatan da ke hangen irin wannan haraji a ko'ina suke, da iyayen da ke biyan kuɗin makaranta da gumin kasuwa ko da albashin wata, ya kamata su karanta labarin Ayowa tun daga farkonsa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.